Fijo a Lungun Mma Zalia

Shekara goma sha ɗaya Mansuru tela ya yi yana haɗa mota guda a tsakar gidan hayar da yake zaune a unguwar Nima. Shi ba bakanike ba ne, bai taɓa zaman gareji ba, ɗinki ya gada wurin mahaifinsa kuma da shi yake ci da iyali. Sai dai tun yana saurayi, idan tsohuwar Fijo ta gifta sai ya ɗauke ƙafa daga keken ɗinki ya bi ta da kallo har ta ɓace. Ranar da ya tsinci wata a bayan wani gida a unguwar Kanda, ba inji, ba fitila, kaji suna ƙwai a kujerar baya, bai yi shawara da kowa ba. Ya samo ƙarti takwas suka turo ta, suka bi da ita ta lungun da ya haɗa gidansu da babban titi, suka ajiye ta a gindin darbejiya. A lokacin lungun yana da faɗi, har mai ɗauke da kaya yana raɓawa ta gefenta.

Tun daga nan Asabar ta zama ta mota. Yakan rufe shago da hantsi ya tafi Abosokai, kasuwar kayan mota, ya dawo da abu ɗaya a jakar da yake zuba yadi: yau kafireta, wani mako fistin, wani lokaci noti biyu kawai waɗanda ya yini yana nema. Malaminsa wani littafi ne marar bango, sai kuma bidiyon da 'yarsa Hamdia take sauko masa a waya. Ya ƙona hannu, ya fasa farce, ya taɓa haɗa giya a baibai ya kwance ta sau uku. Kujerun kuwa da kansa ya ɗinka su, da koriyar fata, ɗinkin da bai taɓa yi wa rigar wani alhaji ba. Ya sa mata tayoyi masu faɗi, ya buga mata leɓen ƙarfe a saman kowace taya don ta yi ƙirji. Matan gidan suna shanya a kanta, kuma su suka raɗa mata suna Gobe, saboda duk wanda ya tambaye shi yaushe za ta tashi, amsar ke nan.

Bai damu da jinkirin ba sai da idonsa ya fara rufewa. Ba rana ɗaya abin ya zo ba. Ya fara tuntuɓe da bokitin da ke gefe, mutum ya tsaya kusa da kafaɗarsa bai sani ba sai ya yi magana. Hamdia, wadda ke karatun jinya, ita ta tasa shi gaba zuwa asibitin ido. Likita ya ce hawan jinin ido ne kuma ya daɗe yana ci. Na hagu ya tafi. Na dama yana gani kamar mai leƙe ta cikin bututu, bututun kuma kullum ƙara tsukewa yake. Magani zai rage masa gudu, ba zai tsayar da shi ba. Mansuru ya tambayi wata nawa, likita ya ce kada ya sa rai da kaiwa Babbar Sallah yana karanta lambar mota.

A hanyar dawowa, cikin torotoro, ƙaramar bas ta haya, ya ce da Hamdia, “Sau ɗaya kawai. In ɗauke ta da hannuna daga bakin titi, in bi hanyar Kanda in juyo. Shi ke nan. Bayan haka ko ku mai da ita akurkin kaji.”

“Baba, likita ya ce ba tuƙi.”

“Likita bai san shekara nawa na yi a ƙarƙashinta ba.”

Da suka wuce kasuwa ta ce, “Ranar Lahadi da safe, lokacin da titi ba kowa. Kuma Kawu Jibirilu yana gefenka, hannunsa a kan birkin hannu.”

Jibirilu abokinsa ne tun na makarantar allo, tsohon direban torotoro da ciwon baya ya zaunar, ba ya da aiki yanzu sai zama a kan benci yana yi wa Mansuru tsiya. Shi ne kaɗai a wurin ranar Alhamis bayan la'asar, mako shida bayan zuwa asibiti, da Mansuru ya murɗa makulli injin ya yi tari, ya yi tari, ya kama. Hayaƙi ya turnuƙe tsakar gidan. Mata suka fito da ludayi a hannu, wata ta rangaɗa guɗa. Mansuru ya kifa goshi a kan sitiyari yana jin motar tana rawa a ƙarƙashinsa.

Jibirilu ya bari sai da guɗar ta lafa. Ya dafa baya ya miƙe, ya zagaya motar, ya je ƙofar gida ya leƙa lungu, ya dawo.

“Tela, Gobe ta zama yau, mun gode Allah. To, ta ina za ta fita?”

“Ta inda ta shigo mana.”

“Ei! Yaushe rabonka da ka kalli lungun nan?”

Mansuru kullum yana bin sa sau goma, shi ya sa bai taɓa kallonsa ba. Ya ciro tef daga wuyansa ya fita. Daga ƙofar gida zuwa titi taku sittin ne. Farkon lungun lafiya lau. A tsakiya, inda ya ɗan karkata dama, nan bangon ɗakin Mma Zalia mai shinkafa da wake ya turo ciki, a gabansa kuma ginshiƙin wani bene da aka gina shekara huɗu da suka wuce. Ya dafa kan tef a ginshiƙin, ya ja zuwa bangon, ya kawo lambar daf da idonsa na dama. Inci sittin da takwas. Ya koma ya auna motar daga madubi zuwa madubi. Saba'in da biyar.

“Ka auna kafaɗar kowa a Nima,” in ji Jibirilu, “ba ka auna lungunka ba.” Ya so ya yi dariya, da ya ga fuskar abokinsa sai ya haɗiye ta.

Washegari bayan an sauko daga masallaci Mansuru ya yi sallama a ƙofar Mma Zalia. Ya tarar da ita tana tsince wake a faranti, jikokinta uku suna kwance a ciki. Ya gaishe ta, ya tambayi kasuwa, ya tambayi ƙafarta, ya yi ta kewaye-kewaye har ta gaji.

“Mansuru, faɗi abin da ya kawo ka, wake yana jirana.”

“Mma, kusurwar ɗakin nan. Bulo layi biyu kawai za a cire, rana ɗaya. In mota ta wuce ni zan mayar miki, har da fenti.”

Ta ajiye farantin. “Kusurwar da ta ɗauki rufin? Ga hadari kullum yana haɗuwa? In kwanon ya sauko, kan wa zai sauko, kan motarka ko kan yaran nan?”

“Za a tokare shi da katako.”

“Tsaya in tuna maka. Shekarar babban ruwa, da ɗakina na ƙasa ya zube, wa ya bi gida-gida ya tara maza aka yi min gayya? Kai. Da magini ya ja igiya a inda tsohon bango yake, wa ya ce masa, ƙara mata waje, baiwar Allah ta samu inda za ta jera tukwane? Kai ne. Da hannunka ka matsar da turken. Kullum ina sa maka albarka a kan wannan. Yanzu kuma in rushe?”

Ya tuna. Ya tuna har nauyin bulon a kafaɗarsa, da yadda ya ji daɗin kansa ranar. Motar tana nan a gindin darbejiya a lokacin, ba taya, a kan duwatsu, kuma ko sau ɗaya bai waiwaya ya dube ta ba.

“Ka yi haƙuri, ɗan'uwana,” ta ce, muryarta ta sauka. “Na ji labarin idonka, wallahi na yi kuka. Ka nemi wani abin, ban da bangon nan.”

Masu benen bai ma je wurinsu ba. Ba a roƙon mutum ya sare ginshiƙin da hawa biyu suke kai.

Da wani ne da ya haƙura. Mansuru ya zauna ya yi lissafin tela. Idan riga ta ƙi shiga, ai ba jiki ake yankewa ba, rigar ake ragewa. Ya cire madubai. Ya cire leɓen ƙarfen da ya yi wata biyar yana bugawa, ya mayar da siraran tayoyin da ya jingine a bayan bayi. Ya cire marikan ƙofa, ya ɓamɓare farin ƙarfen da ya yi mata ado a gefe, ya sauke bamba gaba da baya. Kwana tara yana wannan aiki, kuma rabinsa da lalube, don idan noti ya faɗi ƙasa sai ya durƙusa yana shafa siminti da tafin hannu. Hamdia takan tsaya a bakin ƙofa tana ganin notin kusa da gwiwarsa, ta rasa ko ta nuna masa ko ta bar shi.

“Baba, ka bar ta haka,” ta ce wata rana. “Ta tashi, kowa ya ji. Kawu Jibirilu ya ce ɗan ƙanwarsa yana da tasi, zai ba ka ka zagaya.”

“Tasin wani na ce miki ina so?”

Ya sake aunawa. Motar ta koma sittin da bakwai, tsirara, duk ramukan kusa. Lungu sittin da takwas. Ya nuna wa Jibirilu tef ɗin yana murmushi karo na farko a cikin kwanakin.

“Inci ɗaya,” Jibirilu ya ce. “Cale, abokina, ni na yi shekara talatin ina kutsa mota a kasuwar Agbogbloshie. Inci ɗaya ba hanya ba ce. Kuma wurin nan a karkace yake.”

“Da inci ɗaya nake fitar da wuyan riga.”

“Riga tana lanƙwasa.”

Mansuru bai saurare shi ba. A ransa ya riga ya ga titi.

Ranar Lahadi da sassafe, rana ta ɗan ɗago, ya yi wanka ya sa farar jamfa. Jibirilu ya ce ba zai shiga ba sai an fita lungu, zai tsaya a gaba yana ba da hannu. Mazan gidan suka fito, wasu biyu suka hau katanga don su riƙa duba gefe. Hamdia ta tsaya a baya ta rungume hannu. Mansuru ya yi bisimilla, ya taka kuloci, ya sa giya ta ɗaya, motar ta fita ƙofar gida a hankali kamar mai jinya da aka sallama.

Taku ashirin na farko ta tafi sumul. A can ƙarshen bututun idonsa yana hango hasken titi, da wani abu rawaya da ya gifta, wataƙila tasi. Bangaye suka matso. Gefen da ba ya gani ya fi wanda yake gani yawa, saboda haka da kunne yake tuƙi.

“Taho! Taho! Dama kaɗan! Ya isa! Miƙe!”

Hancinta ya wuce ginshiƙin. Ƙofofin gaba suka wuce, har yana jin iskar bango a kuncinsa. Wani a kan katanga ya yi kabbara. Nan ne lungun ya karkata, shi kuwa faɗi ya auna, bai auna tsawo ba. Da ya karya sitiyari don hancin ya bi kwanar, sai gindin motar ya buɗe ya nufi bangon Mma Zalia. Ya ji ƙarar ƙarfe a kan siminti har cikin haƙoransa.

“Tsaya! Tela, tsaya!”

Da ya tsaya a nan, da wataƙila an ja ta baya. Amma titi yana gabansa taku talatin, kuma ya san yadda ake yi wa yadi mai kauri idan ya cije a ƙarƙashin allura: ƙara masa ƙafa ake yi ya wuce. Ya taka totur. Motar ta yi kuka, ta yunƙura, tayar baya ta zame ta faɗa ƙaramar kwatar da ke bin gindin bango. Gaba ɗaya motar ta kwanta gefe, kafaɗarta ta hagu ta cije a ginshiƙi, ƙugunta na dama ya nutse a bangon Mma Zalia. Injin ya mutu. Daga cikin ɗakin aka ji yara sun fashe da kuka.

Babu ƙofar da za ta buɗu. Tagogin ma bango ne a bakinsu. Mansuru ya zauna a karkace, hannu biyu a kan sitiyari, yana jin mutane suna takawa a kan rufin motar don su tsallaka. Sai da ya gaya musu da bakinsa yadda za su zare robar gilashin gaba, ta wace kusurwa za su fara, sannan suka ɗauke gilashin suka jawo shi ta kan bonet. Jamfar ta yage a hammata.

Har azahar ana fama. An sa jak, ba wurin da zai zauna. An ɗaura igiya a baya, maza ashirin suka ja, motar ta motsa kamar faɗin yatsa, sai tsaga ta buɗe a bangon Mma Zalia tun daga ƙasa har ƙarƙashin kwano. Ta fito ba mayafi ta tsaya a kan bonet ɗin kanta.

“Wanda ya ƙara jan igiyar nan, Allah ya isa tsakanina da shi!”

Aka saki igiya.

Gida goma sha huɗu ne suke bin lungun nan, ba su da wata mafita sai ta kan babbar kwata. Masu tallan koko sun tsaya da bokitai. An ɗaga wata tsohuwa an tsallakar da ita ta kan rufin motar tana salati. Wata mai ciki wata tara ta zauna a bakin ƙofarsu tana kallon abin, mijinta yana kai da komo yana magana da ƙarfi da Turanci don kowa ya ji. Tun da safe mutane suna cewa sannu, Baba Mansuru. Zuwa la'asar sun daina kallon inda yake.

Liman ne ya zo ya same shi a kan bencin Jibirilu. Ya zauna, ya yi masa jaje kamar an yi rasuwa, sannan ya ce, “Malam Mansuru, hanya haƙƙin jama'a ce. In wani abu ya taso wa yarinyar can, ko aka yi mutuwa, ta ina za a bi da makara? Na aika a kira 'yan kondem. Ban so su taɓa ta ba sai da izininka.”

'Yan kondem su ne masu sayen tsohon ƙarfe. Sun riga sun iso, su uku, da tulun gas na yankan ƙarfe a kan kura, suna jira a bakin titi.

Mansuru ya dubi Jibirilu. Yau babu tsiya a bakinsa, ƙasa kawai yake kallo.

“Ko a cire injin tukuna, ta yi sauƙi a ɗaga?” Mansuru ya ce, shi kansa bai yarda da maganar ba.

“Bodin ne ya cije, Tela. Ko ka cire komai, bodin yana nan.”

Mansuru ya juyo wajen liman. Sannan ya gyaɗa kai.

Babban 'yan kondem ya leƙa ƙarƙashin motar ya fito yana kaɗa kai. Ya ce ba zai kunna wuta ba, bututun mai ba ya inda ya saba ganinsa a irin wannan mota. Gaskiya ya faɗa, Mansuru ne ya sauya masa hanya da kansa, kuma duk duniya shi kaɗai ya san inda ya bi. Haka ya cire jamfar ya miƙa wa Hamdia, ya kwanta a cikin ruwan kwata ya ja ciki ya shiga. Can ƙasa duhu bai dame shi ba, hannunsa ya san kowane noti. Ya kwance bututun, ya tsiyaye man a jarka, ya sassauta tankin aka zaro shi ta baya. Da ya fito ya ce a miƙo masa alli daga shago. Ya hau kan rufin, ya shafa da hannu ya nemo inda ƙarfen ya fi sirantaka, ya ja layi daga wannan gefe zuwa wancan, ya ja wani a ƙasan kujerun gaba.

“Nan da nan,” ya ce. “In kun bi layin ba za ta fizgi bangon ba.”

Bai tsaya ya gani ba. Ya koma gida ya zauna a kan benci da jiƙaƙƙiyar singileti, yana jin hucin wutar da warin fenti da fata suna shigowa tsakar gida. Hamdia ta kawo masa ruwa ta ɗiga masa maganin ido, don lokacinsa ya yi. Ɗigo biyu suka zuba a kumatunsa.

Kafin magariba an buɗe hanya. Ya ji hayaniyar mutane suna wucewa, wani yana cewa alhamdulillahi, wata tana kiran 'yarta ta ɗauko bokiti. Babban 'yan kondem ya shigo yana goge hannu a wando.

“Baba, akwai abin da za a bar maka? Sitiyari, ko injin? Injin yana da kyau sosai paa.”

“Ku tafi da shi duka.”

“Baba,” in ji Hamdia, “injin fa—”

“In sa shi a me? Da wane ido?”

Mutumin ya yi sallama ya fita. Jibirilu ma ya miƙe da ƙyar, ya dafa kafaɗar abokinsa, ya tafi alwala. Tsakar gidan ta yi wani irin faɗi. Wata daga cikin matan gidan ta fito tana jan babbar robar ruwa, ta zo daidai gindin darbejiya inda baƙin mai ya rine siminti, ta tsaya tana jin nauyi.

“Baba Mansuru, ko in ajiye nan? Ɗakina ya cika.”

Ya juya kai gaba ɗaya kafin ya same ta a cikin ɗan abin da ya rage masa na gani.

“Ajiye,” ya ce.